Yadda na shawo kan kazata mai kwanci

Kazata ja ta shiga kwanci a tsakiyar damina, ta mamaye lungun akurki inda sauran kajin ke yin ƙwai. Kowace ta matso sai ta tayar da gashi ta kai mata sara. Masu taurin kai kuma su cusa kansu, su ajiye mata sabon ƙwai a ƙarƙashi. Matsalar ke nan, domin ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ƙyanƙyasa, wanda aka ƙara daga baya kuwa uwar za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar shi.

Da dare na ɗauke ta, lokacin ba ta da ƙarfin gardama, na mai da ita bayan rumbu a tsohon kwando, na shimfiɗa yashi da toka saboda ƙuma. Ƙwan farko na yi musu alama da gawayi, sauran kuwa suka tafi kasko.

Maƙwabciyata a nan Daura ta ce, "Maman yara, ki haɗa mata da ƙwan zabi mana." Ban haɗa ba. Na zabi sai ya kai kwana 26 zuwa 28, ba za su fito tare ba.

Ruwa da gero na ajiye nesa kaɗan, yadda dole ta miƙe ta ci, ta yi birgima a ƙasa, ta koma. Kaza mai kwanci takan manta da cikinta har ta rame. Sauran kajin sun koma lungunsu, ina kwashe ƙwansu kullum da yamma don kada wata ta kwaikwaye ta.