Yadda Ake Rubuta Gargaɗi Sau Ɗaya Ya Wadaci Littattafai Da Yawa

Idan ofishinku a Gombe yana shirya littattafan jagora na injin ban-ruwa domin manoman Dadin Kowa, za ku tarar gargaɗin kashe inji kafin zuba fetur yana cikin kowane littafi, amma kowanne da nasa lafazin. Tsarin DITA, wata hanyar shirya rubutun jagora a kwamfuta gutsure-gutsure domin a sake amfani da su, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro kuma ƙungiyar OASIS mai tsara ƙa'idojin fasahar bayanai ta amince da shi a 2005, yana magance wannan.

Da farko ku tattaro tsofaffin littattafan, ku ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta maimaitu. Sannan ku kasa rubutun kashi uku: bayanin abu, matakan aiki, da alƙaluma.

Mataki na uku ya fi buƙatar natsuwa. Ku zaɓi lafazi guda, ku ajiye shi a fayil ɗin XML (nau'in fayil na kwamfuta da ake yi wa sassan rubutu alama a cikinsa) da lambar shaidarsa, kowane littafi ya riƙa janyo shi daga can maimakon a kwafa, ta yadda gyara ɗaya zai shiga dukkansu ranar da aka sake fitar da su. A ganina, mutum ɗaya ya kamata ya riƙe ikon gyara wannan fayil.

Daga nan ku buga gwaji, manomi ya karanta a gaban injinsa.