Yadda Mai Ciki Za Ta Yanke Shawara Kan Allurar Tarin Shiƙa Idan Jama'arta Ba Su Yarda Da Rigakafi Ba

A ƙasar Holan akwai wani yanki da ya miƙe daga Zeeland a kudu maso yamma har zuwa Staphorst, inda Kiristoci masu riƙo da addini sosai suka daɗe suna ƙin rigakafi, bisa imanin cewa lafiya da cuta daga Allah suke, don haka bai kamata mutum ya riga hukuncinsa ba. Tun watan Disamba na 2019 hukuma take ba masu ciki allurar tarin shiƙa daga mako na 22, kuma wannan ya jefa matan yankin cikin tsaka mai wuya, domin a wannan karon a jikin uwar za a yi allurar. Duk macen da ta sami kanta a irin wannan hali tana iya bin hanyar da ke tafe.

Ki fara da sanin wanda ake karewa. Babba yakan sha wahalar tarin na tsawon makonni ya warke, amma jaririn da bai kai wata uku ba numfashinsa na iya ɗaukewa, wani lokaci ma ba tare da an ji ƙarar shiƙar ba. Idan aka yi miki allurar, jikinki zai samar da garkuwa wadda za ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta riƙe shi har lokacin da zai fara karɓar tasa allurar. Ingila ta fara wannan tsari a 2012, shekarar da cutar ta kashe jarirai 14 a can, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna kariya ta kusan kashi 90 cikin ɗari.

Daga nan ki raba tambayoyinki gida biyu, domin yawancin ruɗanin yana zuwa ne idan aka cakuɗa su. Abin da ya shafi jiki na ungozoma ne. Ki tambaye ta abin da ke cikin allurar, ki nemi takardar bayanin da ke cikin kwalin ki karanta da kanki; za ki tarar babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, kuma abin da aka fi gani bayanta shi ne ciwon dantse da ɗan zazzaɓi. Abin da ya shafi imani kuwa na malamin addini ne da kuma zuciyarki. A nan ya kamata ki san cewa masu addinin kansu sun saɓa. A Holan masu ƙin rigakafi suna kafa hujja da faɗin Linjila cewa lafiyayyu ba sa bukatar likita, masu yarda da shi kuma da umarnin Attaura na yi wa rufin gida katanga don kada wani ya faɗo. Musulmi zai tuna da hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali. A ganina, macen da ta ji ɓangare ɗaya kawai ba ta yi zaɓi ba tukuna, gado ta karɓa.

Ki zauna da maigidanki tun kafin maganar ta kai kunnen surukai, domin ku biyu ne za ku kwana da jaririn idan ya kamu. Ba dole ba ne maƙwabta su san abin da kuka yanke.

Ki kuma sa wa kanki wa'adi, saboda jiki yana bukatar kimanin mako biyu kafin garkuwar ta haɗu, kuma wadda ta yi ta jinkiri har naƙuda ta zo, lokaci ne ya yanke mata. A Amurka ana yin allurar tsakanin mako na 27 da na 36, kuma ana maimaita ta a kowane ciki.

Idan kin ƙi, ki faɗa wa ungozoma gaskiya domin a fara wa jaririn tasa allurar da wuri, ki hana masu tari kusantarsa, ki kuma garzaya asibiti da zarar leɓɓansa sun yi shuɗi ko numfashinsa ya tsaya. A Najeriya allurar da ake yi a wurin awo ba ta ƙunshi tarin shiƙa ba, don haka kariyar jariri tana farawa ne da allurar Penta, wadda ta ƙunshi rigakafin tarin shiƙa, a mako na 6 bayan haihuwa, sannan na 10 da na 14.