Kurakuran da aka fi yi wajen sassaƙa hoton kai a kan jan ƙarfe

Kafin mai zane ɗan Ingila Stanley William Hayter ya buɗe ɗakin aikinsa a Faris a 1927, wanda daga baya aka sani da Atelier 17, sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe ta kusa zama sana'ar masu kwafar zanen wasu da masu buga takardun kuɗi. Shi da ɗalibansa suka dawo mata da martaba. Mai koyo kan fara da fuskarsa, don ita ce ba ta gajiya da zama.

Babban kuskure shi ne riƙe alƙalamin ƙarfen, wato abin da ake yanka layi da shi a kan farantin, kamar biro. A tsakiyar tafi ƙotarsa ke zama, ana tura shi gaba a kwance. In layi zai lanƙwasa, hannu na tsayawa cik, farantin ake juyawa a kan ɗan matashin fata mai cike da yashi. Da wannan dabarar masassaƙi ɗan Faransa Claude Mellan ya fitar da fuskar Almasihu a 1649, da layi ɗaya tak da ya fara daga kan hanci yana kewayawa, yana kumbura a wurin inuwa, yana sirancewa a wurin haske. Kuma kada hannun hagu ya taɓa shiga gaban tsinin. Tabon yana nan a babban yatsana.

In alƙalamin ya fara zamewa, kada ka ƙara ƙarfi. Ya dakushe ne, ka koma kan dutsen wasawa da ɗigon mai.

Batun madubi ne ke ruɗa mutane. Bugu, wato danna farantin mai tawada a kan takarda, yana juya hoto, dama ta koma hagu. Sai mai koyo ya wahalar da kansa yana juya zanen fuskarsa kafin ya sassaƙa. Ai madubi ya riga ya juya ta! Zana abin da ka gani kai tsaye, takarda za ta mayar da kai yadda mutane ke ganinka. Rubutu da sa hannu ne kaɗai ke buƙatar juyawa.

Ɓarɓashin ƙarfen da ke tashi a gefen layi, kankare shi, in ba haka ba ya riƙe tawada, ido ya fito kamar an zuba kwalli. Goge kaifin gefen farantin da magagari don kada ya yanka takarda. Takardar kuwa a jiƙa ta, a tsane ta, sai ta yi laushi kafin ta shiga injin matsi, don busasshiya ba ta shiga cikin layi ta ɗauko tawada.