Yadda za ka tantance tarihin ɗan bayan Yukren kulob bayan kulob

Mai shirya labarin wasanni a rediyo, ko mai son kashe bakin musu a gidajen kallo na Jekadafari da Pantami a Gombe, yakan sha wuya idan aka zo kan 'yan ƙwallon Yukren. Za mu ɗauki Dmytro Chygrynskiy, ɗan bayan da aka haifa a 1986, mu nuna yadda ake aikin, domin kusan duk tarkon da ke akwai yana cikin tarihinsa.

Fara da suna. Da haruffan Sirilik ake rubuta yaren Yukren, kuma harafi guda da 'yan Yukren ke furtawa kamar "h", Rashawa "g" suke ce masa. Shi ya sa za ka ga Chygrynskiy a wani wuri, Chyhrynskyi a wani. Nemi duka biyun, sannan ka tabbatar da shekarar haihuwa, kada ka haɗa mutum biyu ko ka raba mutum ɗaya.

Daga nan ka ja layi biyar a takarda: kulob, shekarar zuwa, shekarar tafiya, saye ne ko aro, sai yawan wasanni. Layin aro shi ne wanda aka fi tsallakewa. Shakhtar Donetsk ce ta raini Chygrynskiy, ta ba Metalurh Zaporizhzhia aronsa a kakar 2005 zuwa 2006, ya dawo gida. Wanda bai lura ba sai ya rubuta an sayar da shi an sake sayensa. Haka nan wasannin da yaro ya buga wa ƙananan ƙungiyoyi irin su Shakhtar-2 ko Dynamo-2 a ƙananan gasanni, ware su daban, ba na babbar ƙungiya ba ne.

Inda aikin yake da nauyi shi ne 2009. A watan Mayu Shakhtar ta doke Werder Bremen da ci 2 da 1 a Santambul, ta ɗauki kofin UEFA, wanda daga shi aka sauya wa gasar suna zuwa Europa. A ƙarshen Agusta ya buga wa Shakhtar wasan Super Cup, wanda ke haɗa mai kofin UEFA da zakaran Turai, da Barcelona, kwanaki kaɗan bayan haka Barcelonar ta saye shi a kan yuro miliyan 25. To ka ga kaka ɗaya, kulob biyu: sai ka ba ta layi biyu. Wasa 12 kacal ya buga a La Liga, kuma a Yulin 2010 aka mayar da shi Shakhtar a kan yuro miliyan 15.

Kafin ka ce ya gaza, ka duba dalili. Ko wasa ɗaya bai yi wa Barcelona ba a gasar zakarun Turai, saboda ya riga ya buga wa Shakhtar wasan share fagen gasar a wannan kakar, kuma dokar lokacin ta hana ɗan wasa yi wa kulob biyu. Ga manyan 'yan bayan Barcelona, Puyol da Piqué, a gabansa. Ga shi kuma sabon shugaban kulob, Sandro Rosell, ya tarar da asusu na neman kuɗi. A ganinmu cinikin bai yi wa Barcelona riba ba, amma mai cewa benci kawai ya ɗumama ya manta da cewa an ɗauki La Liga da shi.

Lura da lissafin wasanni: wasu shafuka na gasar lig kaɗai suke ƙirgawa, wasu har da kofuna. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka faɗa wa mai sauraro wanne ne. Kuma kada ka auna ɗan baya da yawan ƙwallayen da ya zura. Wasannin da aka fara da shi da mintunan da ya yi a fili sun fi nuna matsayinsa wurin koci.

Sunayen kulob ma suna da tarko. A 2015 ya koma Dnipro, kafin ya wuce AEK ta Girka a 2016, inda ya ci lig a 2018. Wannan Dnipro ɗin ta rushe saboda bashi, kuma Dnipro-1 da ta zo daga baya wata ƙungiya ce daban. Shakhtar kuwa tun 2014 ba ta buga wasa a Donetsk ba saboda yaƙi. Ta yi zama a Lviv da Kharkiv da Kyiv, don haka ganin sunan wani gari a sakamako ba ya nufin an yi ciniki.

Idan ka ga ɗan wasa bai taka leda ba daga tsakiyar Disamba har ƙarshen Fabrairu, kada ka rubuta rauni: hutun hunturu ne, lig ɗin kan tsaya. Kakar 2021 zuwa 2022 kuma ba a ƙarasa ta ba bayan Rasha ta kai mamaya a Fabrairun 2022, kuma ba a ba kowa kofi ba. Wannan zai shafe ka in kana haɗa tarihin Illia Zabarnyi, wani ɗan bayan Yukren, wanda bai bar Dynamo Kyiv zuwa Bournemouth ba sai Janairun 2023. Abokin wasansa Vitaliy Mykolenko kuwa ya riga ya koma Everton a Janairun 2022, kafin mamayar.