Darasi na 9: Kafin ka kai karenka wurin mai horo

Toh jama'a yau darasinmu kan kare ne, karen gadi, irin wanda ake ajiyewa a gona ko gidan kaji ko garejin motoci. Mafarauta su da kansu suke horar da nasu tun yana kwikwiyo, suna shiga daji da shi yana bin manya har ya gane. Amma mai gona da ya sayi Alsatian ko Boerboel da kuɗi masu yawa, shi dole ya nemi mai horo, kuma a nan ne ake yawan tafka asara.

Horon iri biyu ne aka fi yi. Ko dai ka kai karen ka bar shi can wurin mai horo ya yi makonni, ko kuma shi ya riƙa zuwa gida yana koya masa a gabanka. Na farkon ya fi tsada saboda har da ci da kwana, kuma ga wata matsala da ba a faɗa maka, kare wanda ya koya masa shi yake ji. Na taɓa ganin wani kare da aka dawo da shi gona bayan wata guda, mai horo na ɗaga yatsa ya zauna, yana tafiya kuma maigadi ya yi ta "zauna! zauna!" karen na kallonsa kawai yana lasar baki, ashe da Turanci aka koya masa komai. Saboda haka ni dai shawarata duk wanda zai riƙa ba karen abinci, kai ne ko maigadi ne ko yaronka, a yi horon da shi, kuma da kalmomin da zai iya faɗa: zo, zauna, kwanta, bari.

Kafin ka biya ko sisi je ka ga wurin da idonka. Leƙa kejin, akwai ruwan sha? Duba kunnen karnukan ko akwai kaska. In ka ga kare na maƙale wutsiya yana raɓewa da zarar mai horo ya matso, toh duka yake sha, kuma karen da aka horar da bulala wata rana yana iya cizon ɗan gida. Mai horon da kuma bai tambaye ka katin riga-kafi ba, ka ja karenka ku tafi, don haka yake karɓar na kowa. Allurar ciwon haukan kare ana yi tun yana wata 3, sannan a maimaita duk shekara, a nan gida ma ana haɗa ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924. Likitan dabbobi zai rubuta maka rana a kati.

Sai maganar kuɗi. Farashin da ya faɗa maka a waya ba shi ne ƙarshe ba fa. Tambaye shi dalla-dalla, abinci na ciki? In karen ya kwanta ciwo wa zai biya magani? In ya ɓace fa? A rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ka ba da kafin alƙalami ka karɓi rasit, ciko sai ranar da karen ya ji maganarka kai da kanka.

Aikin gida. Waɗannan kuɗin misali ne kawai don lissafi. Mai horo ya ce ₦60,000 na wata ɗaya, ban da abinci. Abinci ₦1,500 kullum har kwana 30. Allura da maganin tsutsar ciki ₦10,000. Kuɗin mota zuwa dubiya sau 4, kowane zuwa ₦2,000. Nawa ne duka? In ka ba da rabin kuɗin horo tun farko, nawa ne cikon? Rubuta amsa da lamba, sannan ka rubuta ta da kalmomi.