"Abin nan ya lalace": kurakuran da muke yi wajen kai ƙorafi a kan gyara kai tsaye a Wikipedia

A wajen wani horon gyaran Wikipedia da na taɓa taimakawa, wata malamar firamare ta miƙo mini wayarta rai a ɓace ta ce, "Malam, abin nan naku ya lalace." Na ce, "Malama, me ya yi?" Ta ce, "Ba ya aiki kawai." Sai na mayar mata da wayar, na roƙe ta ta sake yin abin da ta yi ina kallo. Ta danna fensirin da ke gefen sashen, shafin ya buɗe kamar yadda mai karatu ke ganinsa, ta sa yatsa a ƙarshen jimla ta rubuta "da". Tana buga tazara sai kalmar ta rikiɗe ta koma wata ta Turanci. Ta goge, ta sake, ya sake canza mata. Ashe kibod ɗin wayarta ne yake kan Turanci, yana gyara mata Hausa da ƙarfin tsiya. Muka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato kibod ɗin Google, magana ta ƙare, har ƙ da ɗ da ɓ suka samu a saman yatsunta.

Da ta rubuta wannan ƙorafi ta tura wa masu haɗa manhajar kamar yadda ta faɗa mini, da ba wanda zai iya yin komai da shi. Kuma mu da muka daɗe a harkar ba mu fi ta ba.

Abin da nake kira gyara kai tsaye shi ne ka gyara rubutu a inda kake ganinsa, ba sai an kai ka wani akwati cike da alamomi ba. A Wikipedia babban misalinsa VisualEditor, wato editan gani, sai maɓallin amsa da ke fitowa a ƙarshen maganar mutum a shafin tattaunawa. A Wikidata, ma'ajiyar bayanai 'yar'uwar Wikipedia, ma haka ne, kana danna gyara a gefen bayani ɗaya ka canza shi a wurin. A ƙarƙashin abin da kake gani, shafin yana nan a rubutun wiki mai baka-biyu da alamomi, wata manhaja mai suna Parsoid ce ke tafinta tsakanin biyun. Riƙe wannan, domin rabin rigimar daga wajen tafintar take tasowa.

Kuskuren farko shi ne na malamar nan: a faɗi hukunci a bar labari. "Ba ya aiki", "yana ba da wahala", "tsohon ya fi". Injiniyan da zai karanta yana wata ƙasa, bai san shafin da ka buɗe ba, wataƙila ko Hausa ba ya ji. Abin da yake bukata abu uku ne: me ka yi mataki-mataki, me ka zata zai faru, me ya faru. Kwatanta "manazarta ba sa shiga" da wannan: "Na buɗe shafin Zariya a waya, na danna fensirin sashen tarihi, na danna alamar sa manazarta, na liƙa adireshin wata jarida, na danna ƙirƙira. Na zata zai ciko suna da kwanan wata. Sai ya ce bai iya ba, na gwada sau uku." Mai karanta wannan ya san nan take cewa maganar ta Citoid ce, wato sashen da ke ciko bayanin manazarta da kansa, kuma zai nemi adireshin jaridar ya gwada. Don haka sa adireshin tun farko. Sau da yawa ma shafin jaridar ne yake hana a ɗauko bayaninsa, ka ga laifin ba na VisualEditor ba ne, amma ba za a gane ba sai an ga adireshin.

Na kusa da shi, a manta a faɗi na'urar. Mu yawancinmu da waya muke gyara, yawancin masu gwada manhaja kuwa kwamfuta ce a gabansu da intanet mai gudu. VisualEditor ya dogara ne da yadda burauza da kibod ke mu'amala, kuma kibod ɗin Android masu hasashen kalma sun sha jawo maimaituwar haruffa ko tsallen alamar rubutu. To faɗi sunan wayar, da burauzar, da kibod ɗin. Chrome ne ko Opera Mini? Idan Opera Mini ne a yanayin matse data, kada ka yi mamaki idan editan ya ƙi buɗewa, don wannan yanayin ba ya barin irin waɗannan manhajoji su yi aikinsu. Manhajar Wikipedia da ake saukewa daga Play Store kuma daban take da buɗe shafin a burauza. Na sha ganin mutum biyu suna musu a kan "waya", ashe ba abu ɗaya suke kallo ba.

Netwok ma a ambace shi. Idan ka danna wallafa ya yi ta juyawa, duba ko sabis ne ya ɗauke kafin ka zargi kowa. Amma kada ka haɗiye ƙorafin don ka gano netwok ne. Idan sabis ya yanke, saƙon da aka nuna maka bai gaya maka ko aikinka ya tsira ko ya tafi ba, wannan aibi ne na tsari, kuma mu ne muka fi kowa ganinsa.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na tsofaffin hannu ne. Ka buɗe shafin sauye-sauyen baya-bayan nan, ka ga sabon edita ya gyara shafi, a cikin bambancin da ke nuna kafin gyara da bayansa sai ga `<nowiki/>` ya bayyana a layin farko, wato alamar da ke hana a ɗauki rubutu a matsayin umarnin wiki. Sai ka goge shi, ka je shafin yaron ka ce ya daina zuba shara, ko ka shelanta cewa VisualEditor yana ɓata shafuka. Dakata ka duba sunan shafin. A rubutun wiki, ɗigon sama guda biyu a jere suna karkata rubutu, guda uku suna kaurara shi. Mu kuma a rubutun Najeriya muna da kalmomi masu farawa da wannan ɗigon: 'ya'ya, 'yan kasuwa, 'yar tsana. Idan sunan shafi 'Yan tauri ne, kuma aka kaurara shi a jimlar farko kamar yadda aka saba, ɗigo uku na kauri za su haɗu da ɗigon kalmar su zama huɗu. Parsoid yana sa wannan `<nowiki/>` ne a tsakani don ya raba su. Ka goge shi, sai ɗigon ya faɗo waje, kalmar ta yi kauri ba tare da shi ba. Wato abin da ka kira shara shi ne ya tsare maka ƙa'idar rubutu. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ ba su ma san wannan matsala ba.

Wannan ba yana nufin duk `<nowiki>` da ka gani alheri ba ne. Wani lokaci mutum ne ya buga alamomin rubutun wiki da hannu a cikin editan gani, sai manhajar ta ɗauka yana so a nuna su yadda suke, ta lulluɓe su. A nan ƙorafin da ya dace shi ne: me ya sa mutumin bai lura da gargaɗin da manhajar ke nunawa ba? Idan kuma ka ga editan ya taɓa wani sakin layi da mai gyaran bai je kusa da shi ba, to wannan aibi ne na gaske. Kwafi mahaɗin bambancin, wanda ke nuna kafin gyara da bayansa, ka kai. Mahaɗi ɗaya irin wannan ya fi shafi guda na bayani.

Sai ɗora wa manhaja laifin kayan gida. Akwatin bayani ya buɗe babu sunayen gurabe, ko ya nuna su da Turanci: galibi samfurin ne, wato ƙirar da aka gina akwatin a kanta, aka kwafo daga wata Wikipedia ba a haɗa masa TemplateData ba, wato bayanin da ke gaya wa editan gurabe nawa ne da me ake sawa a cikinsu. Wannan aikinmu ne a Wikipedia ta Hausa. Maɓallin da ya fito da Turanci kuwa a translatewiki.net ake fassara shi, kuma kai ma kana iya yin rajista ka gyara. Akwai gwaji mai sauƙi kafin ka kai ƙara: ƙara `?safemode=1` a ƙarshen adireshin shafin ka sake buɗewa. Wannan yana kashe ƙananan kayan aikin da kai ko masu kula da wikin suka ƙara. Idan matsalar ta ɓace, a gida take.

Wajen kai ƙorafin ma ana kuskure. A zuba shi a rukunin WhatsApp, mutum goma su ce "ni ma haka", shi ke nan ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Tun ƙarshen 2014 Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, take karɓar rahoton matsala a shafin Phabricator, bayan ta bar tsohon shafinta na Bugzilla, kuma da asusunka na Wikipedia za ka shiga. Bincika tukuna ko wani ya riga ka. Idan ya riga ka, ƙara abin da ba a faɗa ba, kamar irin wayarka ko shafin da abin ya same ka. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya. Kuma wurin a buɗe yake ga duniya, don haka duba hoton allonka da kyau kafin ka ɗora, kada saƙon gida ko lambar wani ta fito a sama.

Ɗaya ɓangaren kuma na masu tattara ra'ayi ne, wato mu masu shirya horo da masu gwada sabon abu. A nan kara ce ke cin mu. Ka tara mutane, ka ba su abinci da kuɗin data, sannan ka miƙe ka ce, "To jama'a, ya kuka ga sabon editan?" Me kake jira su ce? "Ya yi kyau, Malam, Allah ya saka da alheri." Ɗalibi ba zai dubi idon wanda ya koya masa ya ce abin ya rikita shi ba, balle mace a ɗaki cike da maza. Sai ka rubuta a rahoto cewa kowa ya gamsu, alhali rabinsu ba su wallafa ko layi ɗaya ba.

Maganinsa a daina tambaya, a ba da aiki. Zauna gefen mutum ɗaya ka ce, "Hajiya, ga wannan shafin, an rubuta shekarar haihuwa ba daidai ba, gyara mana ki sa manazarta." Sannan ka kama bakinka, ka sa hannuwanka a aljihu. Wannan shi ne mai wuya, don da ka ga tana laluben maɓalli yatsanka zai yi ta ƙaiƙayi. Inda ta tsaya ta yi shiru, inda ta danna abin da ba maɓalli ba, inda ta koma baya, su ne ra'ayinta na gaskiya. Ka gaya mata tun farko cewa manhajar ake jarrabawa, ba ita ba. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum 5 yana fito da mafi yawan matsalolin tsari, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa da a yi babba guda. Abin da na fi gani a irin wannan zama: mutum ya gama gyara, ya ga rubutunsa zaune a shafin kamar yadda zai fito, sai ya rufe ya tafi, yana zaton ya shiga. Gyara kai tsaye yana da wannan tarkon, domin abin da ba a wallafa ba da wanda aka wallafa kamarsu ɗaya. Ba wanda zai kawo maka wannan a matsayin ƙorafi, tunda shi bai san ya yi asara ba.

A kula kuma da waɗanda ake ji. A Yulin 2013 aka kunna wa masu gyaran Wikipedia ta Turanci VisualEditor, lokacin yana da nauyi, ba ya iya gyara tsarin tebur, yana tuntuɓe da samfura. Tsofaffin editoci suka yi ca, zuwa Satumba aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa. Suna da gaskiya a kan aibobin, amma sababbin da aka yi abin dominsu kusan ba a ji muryarsu a muhawarar ba, don ba su san ma inda ake yin ta ba. Da aka zo gyara shafukan tattaunawa an canza salo: aka fara da tuntuɓar al'umma a 2019, sannan a 2020 aka gwada maɓallin amsa a Wikipedia huɗu, ta Larabci da Faransanci da Holanci da Hangariyanci, kafin a faɗaɗa. A rahotonka ka raba su: wannan daga mai shekara 5 yana gyara, wannan daga wadda ta fara yau. Idan tsohon hannu ya ce abu "ya yi jinkiri", tambaye shi da me yake kwatantawa, don wanda yatsunsa suka haddace baka-biyu zai ga kowace taga mai buɗewa ɓata lokaci ce.

Idan an ce an gyara abin da ka kai, koma ka gwada da wayar nan da ta ba ka matsala, ka rubuta a ƙarƙashin rahoton ko ya gyaru. Sabon zubin MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, yakan isa shafukan Wikimedia ne mako-mako, daga Talata zuwa Alhamis, don haka idan an rufe rahoton ranar Juma'a ka ba shi zuwa ƙarshen mako mai zuwa kafin ka sake buɗe shi.