In an turo maka bidiyon UFO, ga yadda zaka bi maganar

Wannan maganar ta taso ne a rakubar mai shayi nan Gadarif ta Sudan bayan isha'i, ɗan yayata ya miƙo min waya yace "Kawu duba, Amurka da bakinta ta yarda akwai wasu halittu a sama, ɓoyewa kawai suke yi". Kafin in gama kallo wani dattijo yace aljanu ne, wani yace musayyara ce wato jirgi mara matuƙi, aka kaure da gardama har jabana ta huce kowa na kan bakansa. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 haske a sama ya daina zama abin nishaɗi a wurinmu, mutum na buƙatar ya iya rarrabe abin da idonsa ya gani.

Ka fara da ita kanta kalmar, a nan yawanci ake zamewa. UFO ma'anarsa abu mai tashi da ba a gane ko menene ba, shikenan. Larabawa na cewa aɗbaƙ ɗa'ira wato faranti masu tashi, gwamnatin Amurka kuma yanzu UAP take cewa. Toh in abokin gardamarka yace "sun yarda akwai UFO" kace masa eh sun yarda akwai abin da basu gane ba, amma daga "ba a gane ba" zuwa "baƙi ne daga wata duniya" akwai tafiya mai nisa, kuma wanda yayi wannan tsallen shi zai kawo hujja. Sojan saman Amurka sun yi wani bincike mai suna Blue Book har zuwa 1969, rahoto 12,618 suka tara, 701 ne suka rage babu bayani. A Yunin 2021 ofishin leƙen asirinsu ya duba rahoto 144, guda ɗaya tak suka iya tabbatarwa, balan-balan ce da iska ke fita daga cikinta, sauran kuma suka ce bayanan da ke hannu basu isa a yanke hukunci ba. Riƙe waɗannan lambobin, suna maka amfani kan ɓangare biyu, mai cewa duk ƙarya ce da mai cewa duk baƙi ne.

Sai bidiyon. Kar ka fara da "gaskiya ne ko ƙarya", tambayi wa ya ɗauka, a wane gari, wace rana, ƙarfe nawa, wace kusurwa ya fuskanta. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp sau ashirin babu rana babu wuri ka ajiye shi gefe kawai, balle yanzu da ake haɗa hoto da kwamfuta cikin minti biyu. In an samu lokaci da wuri sai ka buɗe manhajar Stellarium mai nuna taswirar taurari a waya ka mayar da agogonsa zuwa wannan lokacin, sau da yawa zaka tarar Zara matar wata ce da magariba ko Gamzaki da asuba, in aka zuƙo ta da kyamarar waya hannu na rawa sai ta koma kamar ƙwallon wuta mai motsi. In fitilu ne jere kamar jirgin ƙasa suna tafiya shiru, taurarin ɗan adam na Starlink ne, tun 2019 ake ganinsu haka 'yan kwanaki bayan an harba su, su ɗin dai da muka rinƙa biyan kuɗi muna kama intanet da su lokacin da layi ya ɗauke. Jirgin fasinja kuma manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 zata nuna maka, sai dai na soja da musayyara galibi basa fitowa a can.

Ko bidiyon sojoji ma ido na ruɗuwa. A Afrilun 2020 Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, ta saki bidiyo uku a hukumance, ɗaya na 2004 biyu na 2015, akwai wanda ake kira GoFast da zaka rantse abin na gudu kamar harsashi dab da ruwan teku. Da aka lissafa lambobin da ke jikin allon sai aka ga abin yana sama wajen ƙafa 13,000, jirgin da ke ɗaukar hoton ne ke tsananin gudu. Kamar kana cikin bas zuwa Kassala ka kafa ido kan sandar wuta ɗaya, sai kaga ita da duwatsun Taka na bayanta suna gocewa juna alhali babu wanda ya motsa sai kai. Wannan misalin yana kwantar da gardama fiye da ihu.

Wajen shaidu kuwa mu ai mun san isnadi, wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi ya gani ko labari aka bashi. A 26 ga Yuli 2023 mutum uku suka yi rantsuwa gaban majalisar Amurka. David Fravor matuƙin jirgin yaƙi ne, ya bada labarin farin abu mara fukafuki da ya gani da idonsa a 2004 kusa da gaɓar Kalifoniya, kuma ni ban ɗauke shi maƙaryaci ba, har yau lamarin nasa na cikin masu wuyar bayani. David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri, shi ne yace gwamnati na riƙe da tarkacen jirage da gawarwakin da ba na mutane ba, amma da kansa yace daga hirar mutane sama da 40 ya samo, bai ajiye hoto ko takarda gaban jama'a ba. Gani ya kori ji, kar ka bari a haɗa maka su a kwano ɗaya.

Yanzu maganar ɓoye-ɓoyen gwamnati, nan ne nake ganin ɗan yayata yana da gaskiya rabi, kuma in kana gardama ka bashi rabin nasa. Sun ɓoye, sun ma yi ƙarya. Abin da ya faɗi kusa da garin Roswell na Amurka a 1947, wanda wasu ke cewa jirgin baƙi ne, sun ce balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 sojan sama suka ce na wani shirin sirri ne mai suna Mogul na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. A 1997 wani nazari na CIA ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da mutane suka rinƙa gani a ƙarshen shekarun 1950 jirgin leƙen asiri ne U-2, aka barsu cikin ruɗu da gangan. Area 51 ma, wani sansanin soja na sirri a hamadar Nevada, sai 2013 takardun CIA suka ambace shi a fili. Toh tambayar da zaka yi itace, duk lokacin da asiri ya tonu me aka tarar a ciki? Makami da leƙen asiri. A Maris 2024 ofishin AARO na Pentagon mai binciken irin waɗannan rahotanni yace bai samu hujjar fasahar wata duniya ba, NASA ma haka tace a 2023, amma wanda yace Pentagon ce ke binciken kanta bai yi laifi ba, ni ma ina goyon bayan a saki bayanan rada masana na waje su duba. Faransa ta yi haka, tun 2007 ofishinta GEIPAN ya zuba fayilolinsa a intanet kowa ya karanta.

In kana so ka nuna wa mutum yadda hujja ta gaske take, ba sai ka je Amurka ba. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban taurari a Arizona ya hango dutse ɗan mita huɗu yana nufo duniya, aka lissafa aka ce zai faɗo arewacin Sudan, washegari da asuba kuwa ya fashe a saman hamadar Nuba, mutanen wajen Wadi Halfa suka ga haske da hayaƙi, tauraron ɗan adam ma ya kama walƙiyar. A Disamba Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Hartum da Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai suka jera sahu suna taka hamada kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mahatta Sitta, a hankali aka tsinto gutsattsari wajen 600, aka rarraba wa ɗakunan bincike na ƙasashe daban daban har aka samu ƙananan lu'ulu'u a ciki. An faɗa kafin ya faru, shaidu da basu san juna ba sun gani, na'ura ta kama, ga kuma dutse a tafin hannu. Da wannan ma'aunin nake auna duk bidiyon da aka turo min.

In kai ne ka ga abu a sama, ɗan'uwa ka fara da kunne, in akwai ƙugi irin na injin babur wataƙila musayyara ce, ka shige da yara ciki, hoto ya jira, kuma kar ka ɗaga waya kusa da shingen sojoji. In shiru ne babu haɗari, ka jingina wayar da katanga kar ka zuƙo, ka saka bishiya ko hasumiyar masallaci a cikin hoton don a gane girma da kusurwa, ka faɗi rana da lokaci da bakinka cikin bidiyon, sannan ka kira wani a wata unguwa ko Kassala ka tambaye shi ta wane gefe shi yake hango abin.